Kilishin Takobi

Takarda daga hannun Ilu manomi a Gagarawa, zuwa ga surukina Malam Ishaƙ, limamin unguwa a Maigatari. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. A gaishe mini da 'yata Kyauta.

Malam, ka yi haƙuri da rubutuna. Karatuna bai yi nisa ba, malaminmu ya riga ni gajiya. In ka ga wani baƙi ya kwanta, ka tashe shi.

Bayan haka, na ji yarinyar nan tana da juna biyu, kuma ba ta marmarin kome sai kilishi da cukun Buzaye. Na ɗauki rabona na watanda na kai wa Barau mahauci, ya ce aiki ya yi masa yawa, in jira. Na ce, "Barau, yanka nama fa ba tafsiri ba ne." Ya ce, "To Ilu, je ka yanka mu gani." 'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Na komo gida da namana da fushina.

Wuƙar gidan nan ko kuɓewa sai an roƙe ta, don haka na sauko da takobin mahaifina, wanda ya je yaƙi da shi ya dawo bai taɓa kowa ba. Da shi na yanka. Kilishin Barau in ka ɗaga kana hango rana ta cikinsa, wannan ai rowa ce. Nawa mai kauri na yi, na mutunci. Na shanya a kan karan dawa, na dama labu da tunkuza da barkono da citta da kanumfari, na tsoma, na sake shanyawa, na gasa. Na ƙara gasawa don kada ya lalace a hanya. Shirwa ta wuni tana kewaya gidan, ta sauko ta duba, ta tashi ba ta ɗauka ba. Na ce wannan tsari ne daga Allah.

Cuku kuwa, wata Bafillatana ta ce mini ɗigon ruwan tumfafiya ke sa madara ta kama. Na ce in ɗigo yana yi, ai ludayi ya fi. Ya kama kuwa, Malam! Har da ƙwaryar ya kama.

Ni ban ɗanɗana ba, turamena sun riga ni tafiya lahira. Surukarka Kande ta sansana, ta ce azumin nafila take yi. Ga shi nan a hannun Haladu mai jakai. A ci, a gaya mini gaskiya. Wassalam.

*

Da sunan Allah. Daga ɗanku Ishaƙ, zuwa ga Baba mai girma, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Gaisuwa da ban girma da neman albarka.

Bayan haka, saƙo ya iso, mun karɓa da hannu biyu. Baba, mun gode, mun gode. Kilishi ya yi kyau ƙwarai, cuku ya yi daɗi. Hannun Baba mai albarka ne. Ba mu bar ko ɓarɓashi ba.

A gafarta mini gajartar takarda, ɗan uzuri ne ya same ni kwanakin nan, har na'ibina ke jan salla. Iyali suna gaisuwa, ina durƙusa wa Iya Kande. Haza wassalam.

*

Daga Ilu, wanda yanzu ake kira Sarkin Fawan cikin gida, zuwa ga Malam Ishaƙ. Gaisuwa da murna. Allah ya yaye uzuri.

Malam, takardarka a gaban rumfar Barau na karanta ta, da ƙarfi. Inda na kasa karantawa na cike da nawa. Barau ya ce, "Liman ne ya faɗi haka?" Na ce, "Ga tawadarsa, lasa ka ji." Tun ran nan ba na gaishe shi sai da hannun hagu.

To ga shawarar da na yanke. Na tsufa ina bin gero yana gudu. Ashe sana'ata tana rataye a bango ban sani ba! An ce tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, mutane sun cika garin, kowa da baki. Zan kayar da takarkarina in mai da shi kilishi duka, in bi Haladu zuwa can.

Kande tana ta kuka, wai shi ke ɗauko mana ruwa, shi ke kai mana dawa kasuwa, in ya tafi da me za mu shiga damina? Na ce mata, "Ke da ba ki ci ba, da liman da ya ci, wa zan bi?" Ta ce to a jira kalma ɗaya daga bakinka. Na yarda. In ka ce a yanka, ranar da Haladu ya dawo takobi zai sha jini karo na farko.

Ga wani ƙunshin na aiko, tun da wancan bai ishe ku ba. Na ƙara tumfafiya. Wassalam.

*

Daga Kyauta zuwa ga Babana. Ina kwana, Baba, ina gajiya? A gaida Iya. Asama'u ƙanwar Malam ce ke rubuta mini, shi bai sani ba.

Baba, don girman Allah kada ka taɓa takarkarin nan.

Kilishinka na sa haƙori sau ɗaya na ji har cikin kunnena. Na ce a ba kare. Malam ya ce subhanallahi, abin da ya fito daga hannun suruki ba a zubarwa, ba a bayarwa, ba a kushewa. Ya kai shi zaure ya jiƙa a ruwa, yana tauna yana hawaye, yana cewa "Allah ya saka wa Baba." Haƙorinsa na gefe ya tsage.

Cukun kuwa, Baba, ana cikin sallar Azahar ya jawo na'ibi gaba, ya keta sahu da gudu riƙe da rigarsa. Tun ran nan shi da buta ba sa rabuwa. Mutanen unguwa sun ce sammu ne, har ana kawo masa rubutun sha, shi da yake yi wa wasu.

Da ƙunshi na biyu ya iso, ya dube shi ya yi salati, ya ce, "Kawo ruwa." Na ɓoye a rumbu. Yanzu yana zaune da alƙalami tun safe. In ya ce a yanka, ya kashe muku gida. In ya ce a bari, ya ce da surukinsa bai iya ba. Na ga ya fara rubuta "hannun Baba mai albarka", shi ya sa na kira Asama'u. Ni 'yarka ce, wannan kunyar ba ta hau kaina ba. Baba, ba ka iya ba.

Ni ma marmarin ya wuce, goruba nake so yanzu. Kada ka ce za ka haɗa ta da kanka, a bishiya take. Na gaishe ka.

*

Daga Ilu manomi, zuwa ga Kyauta. Gaisuwa. Allah ya sauke ki lafiya.

Sa yana nan, yanzu ma ya dawo daga rijiya. Takobi ya koma bango da tsarkinsa. Na je na gaida Barau da hannu biyu, ya gama dariyarsa, ya yi miki kilishi na gaske, ga shi nan tare da goruba.

Sauran nawa na kai wa Ɗantala baduku, ya ce rabonsa da ganin fata mai ƙwari haka tun yana yaro. Ya ɗinka wa Malam takalma, Haladu zai ba ki.

Ki miƙa masa da kanki, ki ce daga surukinsa ne, kuma ki tsaya a kansa har ya sa a ƙafa. Kada kunya ta sa ya ci.

Wassalam.