Jan Ƙyalle a Wuyan Kwalba

Ƙulin ƙulifita, masu karatu: tuluna biyu gare ni, ba a rijiya aka cika su ba. In ka ɗiba su ƙaru, in ka yi rowa su ƙafe. Ku riƙe shi a kumatu tukuna, ga wasiƙar da ta iso mini.

Kaka Timiro, don Allah ki taimake ni, kwana biyar ke nan ko shinkafa da ayaba ba ta wuce mini maƙogwaro. Ina aiki a kamfanin yankan talotalo a nan Minnesota, ɗana Warsame watansa huɗu. Da na koma aiki an ba mu wani ɗan ɗaki mai firji. Lokacin hutu in tatsi nono da na'ura, in zuba a kwalba, in na tashi in kai gida, washegari uwar mijina ta ba shi. Shugabarmu ta ce kowa ta rubuta sunanta, amma raɓar firji goge tawadar take yi, ni kuma rubutun boko bai zauna mini a hannu ba. Sai na yi yadda muke yi a sansanin 'yan gudun hijira na Dadab in mun jera jarkoki a layin famfo, na ɗaura jan ƙyalle a wuyan kwalabena. Ja ne alamar unguwarmu a can.

Na manta ƙawata Nimo ma 'yar unguwarmu ce. Kwanan nan ta dawo daga hutun haihuwa, ba lokaci ɗaya muke shiga ɗakin ba, kwalabenmu iri ɗaya ne don asibiti ɗaya ya ba mu, kuma ita ma jan ƙyalle take ɗaurawa. Ranar Laraba na tarar tana ta sababi, wai kwana biyu wani marar tsoron Allah yana zubar mata da nono, har tana hararar mai shara. Na leƙa ƙuryar firji, sai ga nawa an tura su bayan kwanukan abinci, da irin ƙullina. Ashe nata nake kwashewa. Kwalba huɗu Warsame ya sha ko shida, wallahi ban sani ba.

Ban ce mata komai ba. Tun ranar suna muke wasa cewa ɗana zai auri 'yarta Sagal, har mazanmu suna kiran juna suruki. Yanzu in ce mata me, na mayar da su wa da ƙanwa? Tun ranar Larabar nan ban sake taɓa na'urar ba. Uwar mijina da ba ta san dalili ba sai murna, ta ce dama nonon da ya kwana a firji ba nono ba ne, ta sayo madarar gwangwani. Yaron turewa yake yi yana ihu. Da farko ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, yau kuma na ji ya saki, shi ne ya fi ba ni tsoro. In bar aikin ne, ko in bar shayarwar, ko in sake gari?

Mai Jan Ƙyalle

'Yar nan, zauna. Garin da za ki koma, can ma akwai firji.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, ki yafe mini. Mun tsallake yaƙi, mun tsallake teku, sai ga tsumma ya kayar da mu! Ni ma farkon zuwana na shekara ina wanke kai da sabulun kare, hoton mai gashi mai sheƙi kawai na gani a jiki. Ba ki yi sata ba, kin yi aiki da wayon da ya raya ki shekaru, wuri ne ya sauya.

Amma tsoronki ba shirme ba ne, zumuncin nono ba a wasa da shi. Ni ba malama ba ce, karatuna bai wuce na salla ba. Na dai ji malamanmu suna ƙirga shan nono na ƙoshi sau biyar, wasu kuma suna cewa ko sau ɗaya ya isa. Ku je wurin liman ke da Nimo, ku faɗi abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Hukuncin da ya bayar a rubuta a ajiye, don yaran su tashi da saninsa. Ɓoyewar ce haɗari, ba kwalbar ba. In ya ce 'yan'uwa ne, to Warsame ya yi ƙanwa ba naƙuda, a ƙasar da dangi suka yi mana ƙaranci. Mata kuwa ba za ta gagare shi ba, ga ni nan, angona ne, haƙorana uku suna nan daram.

Gobe kafin ki sa rigar aiki, ki ja Nimo gefe. Za ta yi faɗa, haƙƙinta ne, abincin 'yarta aka cinye. Ki bari ta gama, sannan ku je tare ku ba mai shara haƙuri. Ki kuma gaya wa likitan yaron, in akwai abin dubawa su duba. Ƙyalle kuwa, ke ja, ita kore, kowa da ledarta.

Uwar mijinki ba maƙiyiyarki ba ce, ta ga jika yana kuka ne ta nemi abin da ke kusa. Madarar gwangwani ta raya 'ya'ya da yawa, in likita ya ce a haɗa, ba abin kunya ba ne. Ki tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta kwana nawa nono yake yi a firji lafiya lau, daga bakin mai farar riga ya fi shiga.

Aikinki ki riƙe, ɗakin nan da lokacin tatsa ba alfarma aka yi miki ba, doka ce ta ba ki. Abin da ba zai jira liman ko likita ba shi ne ƙirjin da ya saki. Yau ɗin nan ki sa yaron a nono, ki yawaita, ki fito da na'urar daga inda kika cusa ta. Kwana biyar bai kashe rijiya ba. Allah ya raya Warsame da Sagal, ko me suka zama ga juna.

Tulunan nan biyu kuwa, nonon uwa ne. Ɗiba ke cika shi, bari ke ƙafar da shi.

Kakarku, Timiro