Akwatin da Ya Dawo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, in ban da ɗan tarin da fenti ke sa ni.

Har yanzu ina tashar jiragen ruwa, ina buga tambarin "Taimako" a jikin dogayen akwatunan makamai da babbar ƙasar nan ke aika wa masu yaƙi. Ke da kika yi zaman kasuwa kin sani, mai ba ka fitila kyauta kananzir yake sayarwa. Kwantai suke kwashewa su ƙera sabo, wutar kuma ba a gidansu take ci ba.

Abokin ɗakina, Dogo direba, ya bi kayan zuwa fagen yaƙin wata uku da suka wuce. Da zai tafi ya ce, "Mai fenti, na san halinka, kar ka sayar min da katifa." Jiya aka dawo da gawarsa. Katako ya yi wuya a can, sai suka sa shi a akwatinmu. Na gane tambarin, ni kaɗai ke buga shi a karkace.

Na ji Autanmu na neman wannan aikin tuƙi. Ki ɓoye fasfonsa. Gara ya shekara yana zagina da in gane shi ta fentina.

Allah Ya sada mu da rai.

Ƙaninki