Hoton da Inna ta ɗinke a laya

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah a kai ƙarshe kafin a zage ni.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, ina gabatar da shirin tarihi. Kwanakin baya na yi shiri a kan wani guntun rubutu da aka tono a Masar: Linjila ce ta Kiristocin farko, da harshen Girka, a kan takardar da ake yi da ciyawar bakin kogi. Na buga hotonsa don in riƙa dubawa ina bayani. Da na je gida Beli, mahaifiyata tana zuba min gyaɗa a jaka sai ta ci karo da shi. Ta ce, "Wannan tsohuwar takarda fa, duk ta yage?" A gajiye nake, ba na son dogon bayani. Na ce, "Inna, littafin addini ne na mutanen da, daga Masar." Ta ce, "Masar ta Annabi Yusufu?" Na ce e. Ta ce in bar mata, na bar mata.

Ai ban yi ƙarya ba, ko? Haka nake ta gaya wa kaina, ni da ke dakatar da labari a ofis saboda kalma ɗaya ba ta zauna daidai ba.

Ashe Inna ta kai wa baduku ya ɗinke shi laya, ta rataya wa ɗan ƙanwata mai fama da zazzaɓi. Yaro ya warke. An kai shi asibiti a Karaye, ya sha magani, amma wa ke tuna wannan? Yanzu matan unguwa aike suke a ce wa ɗan rediyo ya ƙaro musu, Inna kuma har ta yi musu alkawari. Na kira ta na fara, "Inna, rubutun nan fa ba Larabci ba ne." Ta ce, "To mutanen da irin rubutunku za su yi? Kai dai boko ya koya maka raina abu." Ta miƙa wa jikanta wayar ya gaishe ni.

Jiya yayanta, Kawu Malam, limami a Turawa, ya kira ni. Ya ce, "Ba a rataya wa yaro abin da ba a san mene ne ba. Ranar Juma'a za a farke layar in karanta. Kai ma ka zo."

Gaskiyarsa ce, kuma abin da ke ƙona min rai ke nan. In na faɗi gaskiya, Inna ta ji kunya gaban yayanta da matan da ta yi wa alkawari, ni kuma a ce na shigo da Linjila gida a ɓoye. In na ce ban sani ba, to muryar wa aka ji a rediyo tana bayaninta dalla-dalla?

Juma'a jibi ce, kuma Inna har ta fara tanadin abincin baƙi. Me zan yi?