Ƙorafi Kan Kwalaben Lakar Fadama da Aka Kira Sihiri

Daga: Muhibba Ghali Nguru, Masaukin Ɗalibai Mata, Malaz, Riyad
Zuwa ga: Malam Maulud Inuwa, Jami'in Kula da Ɗalibai, Gidauniyar Karatu ta Komadugu
Kwanan wata: Litinin, 14 ga Oktoba, 2024
Game da: Ƙwace kayan bincikena da riƙe iƙamata (katin izinin zama a ƙasar nan)

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Bincikena a kan iskar metan ne, wadda ke tashi idan ciyayi suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa, tana ƙara ɗumamar yanayi. Ina neman dalilin da ya sa wata fadamar Nguru ke fitar da ita fiye da maƙwabciyarta: zurfin ruwa ne, zafi ne, ko kachalla, doguwar ciyawar da ke mamaye ruwan? Damina biyu na yi cikin ruwa har ƙugu, matsattsaku suna cizona, na tara laka kwalba goma sha biyu. Da takardar izini na shigo da su.

2. Ruwa yana goge tawada, shi ya sa masuntan da suka taimake ni suka ɗaura wa kowace kwalba zare: ƙulli ɗaya bakin gaɓa, biyu cikin kachalla, uku tsakiyar ruwa.

3. Ranar 6 ga wata firijin ɗakin gwaji ya lalace, sai na ajiye su a na masauki. Ranar 9 mushrifa, mai kula da mu, ta ga baƙar laka da zare mai ƙulli, ta ce sihiri ne. Ta kwashe su, ta karɓe iƙamata. Ranar Alhamis, 17 ga wata, za a kwance ƙullin wai don karya sihirin, a zubar da lakar, a kai maganar gaban hukuma.

4. Kun fi ni sanin abin da wannan zargi ke jawo wa baƙuwa a ƙasar nan. Kwana biyar abinci ba ya shiga mini. Ko ƙofar wata aka ƙwanƙwasa sai gabana ya faɗi. Mahaifiyata ba ta sani ba. An ba ni takardar tuba in sa hannu, na mayar da ita. Ba zan tuba daga karatuna ba.

Ina roƙo da ku zo da kanku kafin Alhamis, da bayani a rubuce da Larabci, a maido mini iƙamata, a mayar da kwalaben cikin sanyi. Kafin nan, don Allah ku buga waya kada a taɓa zaren. In aka kwance shi, ni kaina ba zan ƙara sanin wace laka ce ta ina ba.

Allah ya ƙara girma.

Taku cikin ladabi,
Muhibba Ghali Nguru