Taga ta Uku

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa.

Baba, ni na kawo tsarin nan a bankinmu, na sallamar kowane mutum cikin minti uku. Ni na tattara sakamakon, na ga sunanka a ƙarshe wata shida a jere, na sa hannu a takardar sallamarka. Kai da ka koya mini riƙe hatimi! Na ce wa kaina ofishin kula da ma'aikata ba ya son sanayya.

Tun da ka tafi, layi har bakin ƙofa yake kaiwa. Jiya na tsare mai gadi da tambaya, ya ce, "Ranki ya daɗe, ai duk tsohon da ya shigo, taga ta uku, ta Baba, sauran ma'aikata suke tura shi. Saurin nasu ai na Baba ne." Wallahi na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Manaja ya yarda ka dawo. Don Allah ka yafe mini.

'Yarka,
Gaggawa

Gaggawa,

Takardarki ta iso, muna lafiya. Ashe har yanzu kina amsa sunan da na laƙa miki. To, kin dai ga yadda sauri ke haifar nawa.

Na san suna turo mini tsofaffin, ni na ce su turo. Abin da ya ci mini rai, ofishinki taku goma ne daga tagata, amma ba ki taɓa zuwa kin tambaye ni ba. Agogo kika tambaya.

Ba zan dawo ba. Kaji nake kiwo yanzu, su ba sa auna ni. Yafiya kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, ban huce ba tukuna.

Akwai wata tsohuwa mai zuwa ranar Talata, hannunta na rawa. Sai a karo na uku sa hannunta ke fita daidai. Kada kowa ya yi mata magana, rikicewa take.

Mamanki na gaishe ki. Allah ya yi albarka.

Baba

Baba,

Barka da hutawa. Tsohuwar ta zo yau, ni na zauna a tagarka. Ta ce, "Ina mutumina?" Na ce ni na kore shi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta karɓi biro. Na yi shiru kamar yadda ka ce.

Minti goma sha tara muka yi. Na shigar da lokacin da sunana, ni ce ta ƙarshe a sakamakon wannan watan.

Ina nan ina jiran ka huce. A gaida Mama.

'Yarka