Farar Tantabarar Baba Ta Dawo

Yaya Sagiru,

Ka tashi ka sha kallo! Farar tantabarar Baba da ta ɓace tun kafin azumi ta dawo yau da sassafe, har da namiji ta taho! Na tarar kana barci, motar Jahun kuwa ba za ta jira ni ba.

Matsalar ita ce ƙofar akurkin. Sakatar ta karye, ragar ma ta yage. Na tokare da turmi, amma muzurun maƙwabta sai zagaye yake. Don Allah ka sayo ƙaramar sakata, ba irin ta ɗaki ba, da raga mai ƙananan ido.

In Baba ya dawo daga Taura, kada ka gaya masa. Goron albishir nawa ne!

Zakiyya