A Faɗa Mini Yadda Ɗan Cikina Yake Kwance

Zuwa ga Hajiya, shugabar ungozomai ta asibitin haihuwar da mu matan Zongo muke zuwa awo, Kwatano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinki. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah Ya ba da lada.

Sunana Balkisu. Ni mutuniyar Gusau ce, aure ne ya kawo ni Kwatano, maigidana yana sayar da albasa a babbar kasuwa. Ina da 'ya ɗaya, Hauwa'u, wadda na haifa a asibitinku, yanzu kuma ina ɗauke da cikin wata takwas. Ba ki san ni ba, amma ni na san ki. Wata rana ina zaune a layin awo na ji ki a bakin ƙofa kina gaisawa da wata tsohuwa da Hausa, har kina tambayarta jikoki. Da na bincika aka ce ai ke ma 'yar Zongo ce, kakanninki fatake ne da suka zauna nan tun da daɗewa. Na nemi ganinki, mai gadi ya ce sai da randebu, wato sai an ba ni rana, ban kuwa san inda ake karɓar ranar ba. Shi ya sa na rubuto, na kuma sa takardar a gurup ɗin matan unguwa, ko Allah zai sa wata ta miƙa miki. Ranki ya daɗe, ba faɗa na zo yi ba. Tsoro nake ji, kuma ina so ki san daga ina tsoron ya fito.

Na farko, abin da ya same ni a haihuwar Hauwa'u.

A wajenmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, amma lokacin mahaifiyata tana jinya, sai na zauna nan. Abin da ta iya ba ni ta waya shi ne nasiha: 'yar mutunci ba ta ihu a naƙuda, ta ciji zanenta ta kira sunan Allah. Na riƙe wannan da hannu biyu.

Ranar wata Juma'a ce da hantsi, an kwana ana ruwa, layinmu ya cika har ƙauri. Da ƙyar muka samu ɗan zemijan da ya yarda ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Maƙwabciyata Maman Sadiya ta biyo ni. Ita haifaffiyar nan ce, tana jin Faransanci da yaren Fon kamar yadda take jin Hausa. A ƙofar ɗakin haihuwa aka tsayar da ita, aka ce mai naƙuda kaɗai ke shiga. Wata ungozoma ta dubi fuskata, ta ga ba kuka ba ihu, ta nuna mini benci. Na zauna ina cizon mayafina. Matan da suka zo bayana suna kururuwa aka yi ta shiga da su, ni ina kallo. Ban ga laifinsu ba, kowa da yadda aka koya mata. Amma ni shiruna aka ɗauka da saura, alhali ɗan yana hanya. Sai da faya ta fashe a kan bencin, mai shara ta gani ta ƙwala kira, sannan aka ɗauke ni a guje.

A kan gado mutum biyu suna ta yi mini magana da ƙarfi. Kalma ɗaya nake ji tana maimaituwa, "puse". Daga baya Maman Sadiya ta gaya mini ma'anarta yunƙura, kuma idan aka ce kada ki yunƙura, kalmar tana nan a ciki, ɗan abu kaɗan ake ƙarawa. Ni duk ɗaya nake jin su. Na yunƙura a lokacin da ake cewa in dakata. Aka mare ni a cinya. Na ƙaru sosai, aka yi mini ɗinki ba wanda ya ce mini ga abin da ake yi. Na yi wata da watanni ba na iya zama daidai, har wankan jego ya zame mini azaba.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta duka. Hauwa'u ta fito ba ta yi kuka ba, kuma wadda ta mare ni ita ce ta juya ta, ta share mata baki, ta yi ta murza bayanta har ta tsanyara. Ban manta marin ba, wannan ma ban manta ba. Shi ya sa da na sake samun ciki wajenku na dawo.

Na biyu, shirin da nake yi, da inda na tsaya cak.

A wannan karon na ce ba zan shiga ɗakin nan da ka ba. Kullum bayan sallar asuba ina fita in taka, in zaga layinmu in dawo kafin rana ta yi zafi. Ina shara a tsugune domin an ce yana buɗe ƙugu. Ina cin zogale da hanta da dabino, ina shan maganin ƙarin jinin da kuka ba ni duk da yana tayar mini da zuciya. Ina karanta addu'o'in da mahaifiyata ta koya mini. Ban taɓa tsallake ranar awo ba.

Amma akwai abubuwan da na rasa wanda zan tambaya. Matan gidanmu sun haɗo mini maganin zaƙi, sun ce in ban sha ba naƙuda za ta yi tsawo. Yana nan a kwalba a bayan ƙofa, ban sha ba, ban zubar ba. Ban sani ba ko yana karo da magungunanku.

Kowace ranar awo wata ma'aikaciyarku takan tsaya gaban mata da 'yar tsana da wani ƙashin ƙugu na roba, tana nuna yadda ɗa ke fitowa. Da gani ta iya koyarwa, domin mata suna dariya suna ɗaga hannu. Da Faransanci take yi, ta juya da Fon. Mu Hausawan da aka auro daga Najeriya da Nijar muna can baya, idan aka yi dariya mu ma mu yi. Na ga tana hura iska a hankali kamar mai fifita kunu da baki, na dawo gida ina kwaikwayo, har Hauwa'u ta koya tana taya ni. Amma ban san a wane lokaci ake yin hurin ba, lokacin da ciwo ya taso ne ko lokacin da ya lafa. Ina ganin ilimin da zai cece ni a gabana, ba ni da hannun ɗauka.

Na uku, awon da na je na ƙarshe, wanda shi ne ya hana ni sukuni.

Ungozomar da ta duba ni ta daɗe tana latsa cikina, sama da ƙasa. Fuskarta ta canza. Ta kira wata, ita ma ta latsa, suka yi magana a tsakaninsu. Na tsinci kalma biyu. Ɗaya "sezariyan", wadda ko jaririyar Zongo ta san tiyata ce. Ɗayar kamar "siyej". Na kama hannunta ina tambaya da ido da baki. Ba ta yi mini tsawa ba, gajiya ce kawai a fuskarta, ga layi har waje. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ba komai, Hajiya, ba komai." Ina jin iyakar Hausarta ke nan. Ta nuna mini ranar dawowa, Talata mai zuwa, ta kira ta gaba.

Da na maimaita wa Maman Sadiya kalmar, sai ta ce in dai abin da na ji ke nan, ana nufin ɗan a zaune yake, kansa a sama. Ta ce ita ba likita ba ce, kuma ta ji ana cewa wasu kan juya da kansu kafin lokaci. Tun ranar hannuna bai bar cikina ba. Akwai wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Ina tuƙa tuwo in tsaya in taɓa shi, ina sallah hankalina yana kansa. Kai ne ko ɗuwawu? Ya juya ko bai juya ba? Zai iya juyawa yanzu, ko lokaci ya wuce? Tsugunon da nake yi yana taimako ko ɓarna yake yi? Abinci ya daina shiga. Idan ɗan ya motsa in ji sanyi, idan ya yi shiru in sha ruwan sanyi in zauna jira.

Na huɗu, abin da ke faruwa a gida idan asibiti ya yi shiru.

Inda ba a yi bayani ba, kowa malami ne. Abokan Baban Hauwa'u na kasuwa sun cika masa kunne cewa asibiti ba ya jira, da an ga mace an ɗauko wuƙa. Shi ba mugu ba ne, tsoro yake ji kamar ni, sai dai nasa tsoron ya fi karkata ga in haihu a ɗaki. Akwai wata tsohuwar ungozoma a unguwa da ta aiko cewa in je ta juya mini ɗan da man kaɗanya, ta ce ta karɓi irinsu da yawa. Mahaifiyata kuma kullum sai ta kira ta ce in taho gida. Hajiya, ki duba hanyar: daga nan zuwa Seme, a tsallaka iyaka, a ratsa Legas, sannan a miƙi arewa, da cikin wata takwas.

Sannan ga Zulai, wadda ƙofarta ke kallon tamu. Bara ita ma ta ji kalmar tiyata a wajen awo, ba a yi mata bayani ba, ko an yi ba ta gane ba. Ba ta sake komawa ba. Naƙuda ta kama ta da safe a gida, aka yi ta fama har la'asar. Kafin a kai ta asibiti ɗan ya koma. Ita Allah Ya yi da sauran kwananta. Kwanan baya ta same ni ina wanki, ta daɗe tana kallon cikina, sannan ta ce, "Balkisu, ki tambaya. Ko za su kore ki, ki tambaya." Maganarta ce ta sa na ɗauki biro.

Ba zan ɓoye miki ba, ina so in haihu da kaina. Ba ni da dangi a garin nan da za su yi jinyata su riƙe Hauwa'u, kuma ina tsoron a kwantar da ni a yanka a tsakanin mutanen da ba zan iya ce musu ina jin zafi ba. Amma ba na son haihuwa da kaina fiye da yadda nake son ɗana. Idan wadda ta sani ta zaunar da ni ta ce, Balkisu, ga yadda yake kwance, ga abin da za mu jira, ga abin da ba za mu jira ba, to ko tiyatar ce zan sa hannu, kuma ni zan shawo kan maigidana. Ya yarda ya saurara har zuwa awon ranar Talata. Bayan nan ban san abin da zai yanke ba, kuma ban san ko ina da ƙarfin ja da shi ba idan na sake dawowa da "ba komai".

Saboda haka ga roƙona, ranki ya daɗe.

Ranar Talata a bar Maman Sadiya ta shiga ɗakin awo tare da ni, ko ke da kanki ki ba ni ɗan lokaci kaɗan, a faɗa mini gaskiyar yadda ɗan yake. Idan da hali a bar maigidana ya ji da kunnensa, domin maganar da ta fito daga bakinku ta fi tawa nauyi a wajensa.

A duba dokar nan ta hana rakiya. Na san ɗakin ƙarami ne, kuma akwai sirrin wasu matan. Ba taro muke nema ba. Mace ɗaya ce mai jin harshe biyu, ta tsaya wajen kan mai naƙuda, ta ce mata yanzu yunƙura, yanzu dakata.

A riƙa yin darasin 'yar tsanar nan da Hausa, ko da sau ɗaya a wata. Zongo cike take da matan da za su fassara kyauta. Maman Sadiya ta ce in rubuta sunanta a farko. A nan ne za mu tambayi maganin zaƙi da sauran abubuwan da muke sha a ɓoye.

A kuma gaya wa ungozomai cewa Bahaushiyar da ta zo tana cizon mayafi ba ta cewa uffan, a duba ta da wuri. Ke kin san wannan, domin na tabbata haka aka koya wa iyayenki.

Jiya na wanke kayan jariri, waɗanda Hauwa'u ta bari da 'yan sababbin da babanta ya sayo. Sun bushe tun azahar. Na kwaso su na zuba a kan gado, na ɗauki wata 'yar hula zan ninke, sai hannuna ya ƙi. Suna nan a zube har yanzu. Na ce sai na dawo ranar Talata.

Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya sa albarka a hannunki da hannun ma'aikatanki, Ya saka muku da alheri a kan rayukan da kuka tarba. Yadda kike tsayawa a kan 'ya'yan mutane, Allah Ya tsaya a kan naki. Mu kuma masu ciki, na Zongo da na ko'ina, Allah Ya raba mu lafiya.

Ki yafe mini idan na yi tsauri a wani wuri.

Wassalam.

Taki,
Balkisu Maman Hauwa'u,
Zongo, Kwatano.